Dambun masara na mutum tamanin a taron Babbar Sallah

Maman Khadija, Agege:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Bana gidanmu ne zai karɓi taron dangin maigida washegarin Babbar Sallah, kuma lissafin da muka yi ya kai mutum tamanin, ban da yaran maƙwabta da ba a rasa su. An riga an tsayar da dafa-dukan shinkafa da soyayyen naman rago, to amma surukata da ta zo daga Zariya ta ce ba za ta ga an yi Sallah ba sai an ajiye dambun masara a gefen kowane faranti. Dambun mutum goma ba ya ba ni wahala. Bara na gwada na mutum talatin a tukunya ɗaya, sai ƙasan ya caɓe kamar za a tuƙa tuwo, saman kuma ya fito da ƙarfi, ana taunawa ana jin ɗanyen tsaki, har ƙanwar maigida ta ture nata gefe ba ta ce komai ba, wanda ya fi mini ciwo da a ce ta yi magana. Ina neman a faɗa mini yawan tsakin da zan saya, da abin da ya jawo wancan kuskure, da kuma ko ɗanyen zogale ya fi ko busasshe.

Hajiya Gambo, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kuskurenki na bara ba daga hannunki yake ba, daga tukunya ɗayar nan yake. Dambu tururi ne ke dafa shi, kuma tururi yana da iyakar kaurin da zai iya ratsawa. Idan kika tula tsaki ya wuce tsawon tafin hannu a cikin madambaci, na ƙasa zai sha tururin duka ya jiƙe ya toshe hudojin, na sama kuma ya zauna yana jiran abin da ba zai iso ba. Na shekara fiye da ashirin ina girkin biki a garin nan na Legas, ban taɓa turara fiye da mudu biyu a zubi ɗaya ba.

A gwajin da na saba, mudu ɗaya na tsaki yana isar mutum goma sha biyar idan dambun rakiyar shinkafa da nama zai yi, saboda ganye da gyaɗa suna ƙara masa auki. Ki sayi mudu shida, ki raba shi zubi uku. Ki wanke tsakin ki rairaye shi saboda tsakuwa, ki zuba a kwando ya tsane har sai kin damƙa kin saki ya warware da kansa, ba ya dunƙule a hannu ba. Ruwan tukunyar ƙasa ya tafasa tukuna kafin ki ɗora, kuma kada ya taɓa gindin madambacin. Ki zuba tsakin a hankali ba tare da kin danna ba, ki soka muciya a wuri uku ko huɗu ki buɗe wa tururi hanya, sannan ki liƙe mahaɗar tukunya da madambaci da jiƙaƙƙen ƙyalle ko kwaɓin gari. Turarin farko wajen rabin awa ne, tsaki zalla, babu gishiri babu ganye. Ki juye a babban baho ki warware shi da ludayi tun yana da zafi, ki yayyafa ruwa kaɗan idan ya nuna ƙishi, daga nan ne za ki haɗa zogale da albasa da jajjagen attaruhu da tattasai da gishiri da magi da dakakkiyar gyaɗa, ki mayar turari na biyu na kamar minti ashirin. Mai shi ne na ƙarshe, bayan an sauke.

Maman Khadija, Agege:

Na gode, Hajiya, Allah ya ƙara girma. Yanzu na gane, domin bara tun farko na haɗa komai da komai har da mai, na danna shi da bayan ludayi don ya shiga tukunyar. Sai dai a nan kasuwarmu ba kowa ke awo da mudu ba, dirika, wato gwangwanin awo, da robar fenti suka fi yawa.

Malam Iro mai hatsi, Mile 12:

Maman Khadija, maganar awo ta faɗo gidana. Robar fenti ɗaya tana cin dirika kusan biyar, kuma shi kansa mudun ba ɗaya ba ne, na Zariya daban, tiyar Kano daban, shi ya sa na fi son mai saye ya zo da kwanon da ya saba da shi a gida a auna masa a gabansa. Idan ba ki da shi, robar fenti biyu da rabi ba za ta ba ki kunya ba a taron mutum tamanin.

Abin da ya fi awo muhimmanci shi ne irin tsakin. A 2024 an yi Babbar Sallah ranar 16 ga Yuni, a 2025 ranar 6 ga Yuni, kuma kowace shekara tana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya, wato har yanzu tana faɗowa a lokacin ruwa a Legas. Sabuwar busasshiyar masarar Arewa, irin wadda ake lodi daga Saminaka da Funtuwa da Dandume, ba ta shigowa sai wajen watan Oktoba. Saboda haka duk busasshiyar masarar da za ki gani yanzu ta bara ce, ta yi watanni a rumbu ko a sito. Ƙwayar masara tana jure ajiya, amma da zarar an ɓarza ta, iskar Legas mai laima tana shiga jikinta cikin 'yan kwanaki, ta fara tsami ko warin daɗewa. Shawarata kada ki sayi ɓarzajjen tsakin da ba ki san ranar da aka ɓarza shi ba. Ki sayi ƙwaya, ki ɗebi cikin hannu ki shinshina, ki ciza ɗaya ki ji ta fashe da ƙara, ki duba babu hudar ƙwari kuma babu gari a gindin buhu. A kai inji a surfa, a sheƙe dusar, a wanke, a baza ta sha iska, sannan a ɓarza kwana ɗaya ko biyu kafin girki. Ki ce wa mai inji ɓarzar dambu kike so, matsakaiciya, domin idan ba ki faɗa ba zai yi miki laushin garin tuwo ko ya bar miki manyan ƙwayoyi. Bayan haka ki tankaɗe, garin da ya fita ki ajiye na kunu, domin shi ne ke liƙe dambu ya mayar da shi curi.

Anti Binta, ma'aikaciyar jinya, Mushin:

Ina so in ƙara nauyi a kan abin da Malam Iro ya faɗa, domin maganar ta wuce ɗanɗano. Masara da gyaɗa, waɗanda su ne ginshiƙin dambu, su ne kan gaba a cikin amfanin gonar da funfuna ke kamawa idan an ajiye su da laima, kuma wani nau'in funfunar yana haifar da guba mai suna afalatoksin wadda ke cutar da hanta. Zafin girki ba ya kawar da ita, ko an turara sau biyu ko sau uku. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta daɗe tana aiki a kan wannan matsala, har ta samar da wani magani mai suna Aflasafe da manomi ke watsawa a gona, amma mu da ke kicin abin da ke hannunmu shi ne tsincewa. Duk ƙwayar da ta yi kore ko baƙi ko ta motse, a zubar. Gyaɗar ma a saya ɗanya a tsince a soya a gida, ya fi a sayi garin ƙuli-ƙulin da ba a san asalinsa ba.

Na biyu shi ne ajiya bayan girki. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a zafin ɗaki, domin tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos ne ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa da sauri. Dambu mai ganye da albasa idan aka rufe shi da ɗumi-ɗumi a kula tun safe, zuwa la'asar zai fara yauƙi. Ko dai a zuba shi a kula da zafinsa sosai a ci cikin 'yan awanni, ko a baza shi ya huce da wuri a sa a firji.

Zainab, Ikeja:

Iyayena, ku yi mini afuwa idan na kawo abin da ya saɓa. Ni ina ganin wahalar ta yi yawa ga mace ɗaya da ke da naman layya a gabanta. Lokacin da na yi karatu a Amurka, iyalin da suka gayyace ni bikin godiyarsu na watan Nuwamba sun kawo masara a gefen talotalo, ƙwayoyi ne kawai aka soya sama-sama da bota da gishiri da masoro da 'yar tafarnuwa, kuma bai ɗauki minti goma sha biyar ba. Yanzu ɗanyar masara ta cika Legas, kowace kwana ana gasa ta ana sayarwa da kwakwa. Me zai hana Anti Maman Khadija ta ɓare ɗanya, ko ta sayi ta gwangwani, ta soya da albasa da attaruhu da man shanu? Masara ce dai, kuma mai kayan ƙamshi ce.

Inna Talatu, Obalende:

Zainabu, jikata, abin da kika ci can na yarda yana da daɗi, amma tsohuwar da ta taso daga Zariya ta ce dambu, idan aka miƙa mata ƙwayar masara a cikin mai za ta ɗauka abin taɓawa ne kafin a kawo abinci. Ni ƙorafina ma ya fi naki tsufa. Shekara arba'in ke nan ina garin nan, kuma a gabana dambu ya koma kwaɗon kabeji da karas da koren wake da kori, har mutum ya rasa inda masarar take. Dambun da muka tashi da shi abu biyar ne: tsaki, zogale ko rama, gyaɗa, albasa da man gyaɗa, sai yajin ƙuli a gefe kowa ya barbaɗa daidai bakinsa. Ƙamshinsa daga zogalen da tururi ya ratsa yake fitowa da kuma albasar da aka soya a mai har ta yi ja. Wanda ya zuba kori ya rufe wannan ƙamshin, kuma tunda akwai dafa-duka a farantin, abinci biyu za su zama masu ƙamshi ɗaya, to mene ne amfanin na biyun?

Hajiya Gambo, Idi-Araba:

Inna ta faɗi gaskiya a kan kori, kuma dalilinta na ƙarshe shi ne mai ƙarfi. Abincin da aka ajiye a gefe aikinsa ya bambanta da na tsakiya. Dafa-duka tana da tumatir da mai, nama yana da maiƙo da gishiri, don haka ana son dambun ya zo da ɗan ɗacin ganye da garɗin gyaɗa ya wanke baki. Amma a kan kabeji ba zan bi Inna gaba ɗaya ba. A taron Legas akwai yaran da aka haifa a nan waɗanda ba su saba da zogale ba, kuma karas da ɗan kabeji suna jawo idonsu. Matsalar kabeji ruwa ce: idan ya shiga turari na biyu sai ya saki ruwansa a cikin tsakin, ya mayar da ke inda kika fito bara. Ni nakan yanka shi siriri, in barbaɗa masa gishiri ya yi minti goma, in matse, in gauraya shi bayan an sauke, zafin dambun kaɗai ya isa ya laushe shi.

Zainab, masarar da kika ci can iri ce daban, mai zaƙi, wadda ake girbewa tun tana da madara, kuma ita ce ake sawa a gwangwani. Tamu ta bakin titi masarar gona ce mai sitaci, idan ta kwana biyu da karyowa sai ta yi tauri, soyawar minti goma sha biyar ba za ta nuna ta ba sai an fara tafasa ta. Sannan ki yi lissafin gwangwani nawa zai ishi mutum tamanin, za ki ga kuɗin ya ninka na tsaki sau da yawa.

Zainab, Ikeja:

Na karɓi gyara, Hajiya da Inna. Sai dai ina nan a kan cewa ƙaramin kwano ɗaya na irin wancan ba zai ɓata taro ba, ko don yara. Idan Anti ta amince ni zan kawo shi da kaina.

Maman Khadija, Agege:

Ki kawo, ƙanwata, hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Saura tambayata ta zogale, domin na ga an wuce ta.

Maman Ridwan, Ketu:

Yaya, a kan zogale zan faɗi abin da na gani da idona. Ɗanye ya fi ƙamshi da launi, babu musu, kuma da damina ana samunsa a nan, Yarbawa suna ce masa ewe igbale idan za ki tambaya a kasuwa. Wahalarsa tsinkewa ce. Na mudu shida sai kin cika babban baho da ganye, kuma dole a zare kowane siririn tsinke, domin tururi ba ya laushe su, suna maƙale wa mutum a haƙori. Shekaru biyu da suka wuce ni da yarana uku muka zauna tun bayan isha'i har sha ɗayan dare muna tsinka na mudu huɗu kawai. Busasshe kuwa yana zuwa daga Arewa a tsinke, amma yana zuwa da ƙasa, sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi an wanke sau uku ana tsame shi daga sama, a tafasa shi ya yi laushi, a matse sosai kafin ya shiga tsaki. Ni yanzu haɗawa nake yi, kashi biyu busasshe don auki, kashi ɗaya ɗanye don ƙamshi da kore.

Wani abu kuma, tunda a Agege kike, na tabbata maƙwabtanki Yarbawa za su shigo. Dangin maigidana mutanen Ibadan ne, suna da nasu abincin masara da suke kira egbo, surfaffiyar masara ce da ake dafawa har ta yi luguf a ci da miyar barkono da wake. Saboda sun saba da masara mai laushi da miya, ranar farko da na ba su dambu sai suka ce ya bushe, suna ci suna neman ruwa. Tun daga lokacin nake ajiye ƙaramin kwano na soyayyen jajjage a gefe, mai son danshi ya ɗiba, kuma yanzu su ke tambayata yaushe zan sake yi.

Alhaji Sabo, Alaba Rago:

Ni ba mai girki ba ne, mai ci ne, amma ina da roƙo ɗaya. Da Sallah mata sukan ga kitsen rago ya yi yawa sai su ce bari a zuba kakiɗe a dambu maimakon man gyaɗa. Yana da daɗi a cokali uku na farko, amma da ya huce sai ya daskare ya liƙe a dasashi, kuma a taron mutum tamanin babu yadda za a yi kowa ya samu da zafi. A bar mana man gyaɗa.

Hajiya Gambo, Idi-Araba:

Alhaji ya yi magana irin ta wanda ya sha wahala, kuma haka ne. Man gyaɗa ba ya daskarewa a zafin garin nan. Na mudu shida, lita ɗaya da rabi ta isa, a soya albasa mai yawa a ciki, a zuba rabi a gauraya, rabin a kai teburi. Mai son ƙamshin rago sai a yayyafa ludayi biyu na romon naman a tsakin kafin turari na biyu, a madadin ruwa, amma a rage gishiri domin romon yana da nasa.

Ga yadda zan tsara miki lokaci, 'yata. Ranar Sallah da yamma, bayan an huta da aikin nama, ki yi turarin farko na zubi ukun, ki baza a manyan tire ya huce sarai, ki rufe da ƙyalle mai tsabta ki sa a firji idan akwai wuta, idan babu ki bari sai asuba ki fara, domin tsakin da ya sha tururi ba ya kwana a waje a Legas. A daren ki soya gyaɗa ki daka, ki gyara zogale. Albasa da jajjage kuwa sai da safe. Turari na biyu ki yi shi bi da bi, zubin farko ya sauka daf da zuwan baƙi, na biyu yana kan wuta ana cin na farko, na uku ki riƙe shi ga waɗanda cunkoson hanya zai tsare, don mai tasowa daga tsibiri ta gadar Third Mainland ba ya da tabbacin lokacin isowarsa ko da ranar hutu ce. Kuma ki yi a kan gawayi idan da hali, domin tukunyar ruwa da za ta yi awa uku tana tafasa za ta cinye miki gas.

Inna Talatu, Obalende:

Tsarin Gambo ya yi, sai dai maganar kwana a firji ban gamsu da ita ba. Tsakin da ya yi sanyi ya sake shan tururi ba ya tashi kamar wanda aka mayar da ɗuminsa. Mu da asuba muke tashi.

Hajiya Gambo, Idi-Araba:

Inna, a zamaninku gida ɗaya yana da mata shida da murhu huɗu a tsakar gida. Yarinyar nan ɗaki biyu da baranda take da su. Bambancin da kike faɗa akwai shi, amma yayyafin romo mai zafi yana rage shi ƙwarai.

Maman Khadija, Agege:

Na dawo da labari. Jiya na gwada da mudu ɗaya kamar yadda aka tsara, na raba shi biyu don in raba gardamar Inna da Hajiya: rabi na yi turarin farko da daddare ya kwana a firji, rabi na yi duka biyun da safe. Masarar fara na saya, na kai inji aka surfa aka ɓarza, kuma garin da na tankaɗe ya kusa cika dirika, abin da bara duk ya tafi cikin tukunya ban sani ba. Duka biyun sun fito warawara, na ɗebo a cokali na karkata yana zubowa ɗaya bayan ɗaya. Na kai wa surukata a kwano biyu ban gaya mata komai ba. Ta ci na farko ta ci na biyu, ta nuna na safen ta ce wannan ya fi tashi, sannan ta cinye na firjin ma, ta ce gyaɗar ta yi kaɗan kuma a ƙara lawashi. Saboda haka zubi biyu za su kwana a firji, na ukun da za a zuba wa manya zan yi shi da asuba. Abin da ya rage mini madambaci ne, domin nawa mudu ɗaya yake ci. Hajiya, ko za ki ara mini babban naki? Maigida zai biyo ta Idi-Araba ranar Alhamis bayan la'asar ya karɓa.

Hajiya Gambo, Idi-Araba:

Ya zo, zan haɗa masa da murfin da ƙyallen liƙi. Ki ce masa ya kama shi ta gindi, hannun hagun ya kusa cirewa.